Ƙarfe Huɗu da Minti Goma

"Idan kika bari ya buɗe shi, ba ni ba ke!" in ji yayanta daga ƙofar shagon mai gyaran agogo.

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Shekara arba'in ke nan agogon hannun mahaifinsu yana ajiye a gidansu da ke birnin Valparaiso, a tsaye kan ƙarfe huɗu da minti goma. Ranar da sojoji suka tafi da mahaifin daga tashar jiragen ruwa, agogon kaɗai aka tsinta a ƙasa. Duk gidan sun yarda takalmin soja ne ya taka agogon ya kashe shi, ba wanda ya ƙara taɓa shi.

"Yaya, sun ɗauke mana Baba. Wannan kam ba zan bar musu ba. Maigida, buɗe."

Tsohon mai gyaran ya buɗe agogon, ya sa gilashi a ido, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗiga mai, ya murza ɗan maɓallin gefe, sai ga agogo yana tafiya.

"'Yata, ba abin da ya karye a nan. Murzawa kawai aka daina yi."

Yayan ya sulale ya zauna a bakin ƙofa. Ita kuwa ta ɗaura agogon, ta naɗe hannun rigarta don kowa ya gan shi, ta fita titi.