Ƙusar Yaya Rabi

Kicin ɗinmu na Jos mutum biyu kawai yake ɗauka. A kan katakon da ya rufe duron ruwa Mama take kwaɓa kek, gwangwanayen madarar da take gashi da su kuma suna rataye a bango. Wata la'asar ta buga sabuwar ƙusa, ta rataya rariyar fulawa, ta dubi yayata.

"Rabi, daga yau wannan ƙusar taki ce."

Ina raɓe a bakin ƙofa cikin sanyi na ce, "Mama, ni fa?"

"Ke kuma ina wuri? Bango ya cika."

Wallahi akwai wuri a ƙasan taga, na gani da idona. Yau kicin ɗina kabad ne har sama, amma duk lokacin da na je gida, ƙusar nan nake fara harara.