Cinikin Injin Baba Na'Allah

"Albarka," in ji Baba Na'Allah, ya ja buhu ya rufe injin. "Zamna mu sha fura, ka komo Juma'a."

Tun damina Maniru direba yake tasowa daga Bodinga zuwa Shagari saboda wannan injin Fijo, wanda yake jibge a ɗaki shekara da shekaru tun rasuwar ɗan Baba Na'Allah, mai injin. Kayan gyara sun yi wuya a ƙasa, amma ko nawa ya taya, amsar ɗaya ce.

Ranar nan tsohon ya kasa shan furar.

"Ɗana, injin ga matacce ne, tsatsa ta cinye cikinai. Ina ja maka rai ne don in na sayar, ba mai sake tako gidan ga. Ka gafarce ni."

Maniru ya miƙa masa ludayi.

"Na sani tun ran da na murza shi ya ƙiya, Baba. Motar tawa ma tuni na sayar. Tun da matata ta rasu, nan kaɗai nika cin abinci da wani. Juma'a in taho in ƙara tayi?"

Tsohon ya share ido.

"Taho. Amma ba ni sayarwa."