Tokar da Manomi Ya Barbaɗa a Gindin Rumbu

Kai da ka sa wa kwamfutar ofishinku kalmar sirri ka koma ka miƙe ƙafa, shin ka san wa ke buɗe fayil ɗinku, kuma wa ke kwasar abin da ke ciki?

Wani manomi ne ya ɗaure irin geronsa a rumbu, ya danna kwaɗo. Makulli ɗaya na hannunsa, ɗaya na hannun ƙanensa. Damina na matsowa, sai ya ga dammunan suna ramewa, ga kwaɗo kuwa lafiya lau. Maƙwabta suka yi ta zuga shi: "Malam, wa ke da makulli in ba ɗan'uwanka ba?" Abin ya ci masa rai, har ya fara amsa gaisuwar ƙanen nan a daƙile. Amma ya rantse ba zai tsinke zumunci a kan maganar bakin titi ba, sai idonsa ya gani. Da yamma ya share gindin rumbun tas, ya tankaɗe tokar murhu, ya barbaɗa ta kewaye. Kashegari ya makara, kaji suka riga shi, suka tone wurin kaca-kaca. Bai karaya ba. Ya sake barbaɗawa, ya idar da sallar asuba ya tsugunna a wurin tun kaji ba su sauko ba. Ga sawunsa, ga na uwargida da ta wuce ɗibar itace, babu na ƙanensa ko ɗaya. Sai wasu 'yan ƙafafu da jan wutsiya, sun nufi ƙarƙashin rumbu. Gafiya ce ta huda daɓen daga ƙasa. Ya toshe ramin, ya tsira da irin shukarsa, ya tafi gidan ƙanensa da goro a aljihu.

To, kalmar sirri kwaɗo ce kawai. Tsarin da ke tafiyar da kwamfutarka yana da tasa tokar: in ka kunna masa sa ido, zai nuna maka wane mutum ko wace manhaja ta taɓa wane fayil, da lokacin da ta taɓa. Sau da yawa ɓarawon ba abokin aikinka ba ne, wata muguwar manhaja ce ta shigo ta ƙasa. Don Allah yau ɗin nan ka kunna sa idon nan, kuma ka riƙa dubawa kafin kaji su tone, wato kafin bayanan da ya tara su goge. Hausawa dai sun gama magana: gani ya kori ji.