Sanyin Kujerar Baya

Makanike ya hura hayaƙi cikin siririn tiyon iskar da ke buɗe ƙofofin AC ɗin motar. Hayaƙin ya ɓullo ta ƙarƙashin sitiyari.

"Ga inda iska ke zurarewa, shi ya hana sanyi kaiwa baya," ya ce wa mai motar. "Amma wannan yankan reza ne. Bari in haɗa."

A kujerar baya, mahaifiyar mai motar tana share gumi. Daga wankin ƙoda suke, ita ta roƙa a tsaya gareji.

Ɗan ya sunkuya, ya rage murya. "Na sani. Bar shi haka."

Ya ɗago yana murmushi. "Mama, wai ba ya gyaruwa. Zafin nan zai illata ki, gara ki riƙa hawa tasi."

"To," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."