Malam Uku-uku da Baki Na Uku

Kai da ka zauna kana ƙirga bakunan gidanka da yatsu tun ranar da marayun yayanka suka tare, sauke hannun nan ka saurara.

An yi wani malamin Turanci a wata firamare ta ƙauye, mutumin kirki, sai dai Allah ya jarrabe shi da son kalmomi. Yana da ɗan littafi a aljihun gaba, inda yake tara sunayen da Turawa suka raɗa wa abubuwan da ke zuwa uku-uku. Mawaƙa uku, trio. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, tripod. Littattafai uku masu bin juna, trilogy. Har ƙwallo ukun da ɗan wasa ɗaya zai zura a raga, wai ita ma da nata sunan. Ya tara goma sha bakwai, kuma ko gaisuwar mutuwa aka je, in ya samu fuska sai ya karanto su. Da haka sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Malam Uku-uku. Yakan ce uku ita ce cikakkiyar lamba, tunda ba a taɓa ganin tukunya ta zauna a kan dutse biyu ba.

To, kamar an ji shi. Ranar da matarsa ta sauka, sau uku ungozoma tana leƙo zaure, kowane leƙe ta ce mace ce. Kalmar wannan ma tana cikin littafinsa, triplets, amma ranar ko tuna ta bai yi ba. Biyun farko kuɓul-kuɓul. Ta ukun kuwa 'yar mitsitsiya, tafin hannunsa ya kusa rufe ta. In an fara ba ta nono ba ta da ƙarfin ja, in an bari sai yayyenta sun sha, ta tarar sun tatse shi tas. Aka karɓo madarar gwangwani daga asibiti, ta amayar. Aka gwada nonon akuya, cikinta ya ƙi. Sai 'yan ɗigon da uwar ke matsewa a cokali, da su take rayuwa. Kafin suna, kukanta ba ya wuce labule.

Malam ya zauna a zaure yana lissafi, lissafin kuma ba ya canzawa: nono biyu, baki uku. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba. Ya je kasuwa ya yanko farin yadi ɗaya, ya ɓoye shi ƙarƙashin littattafan ɗalibai, bai gaya wa kowa ba. Wanda ya san abin da ake yi wa jariri da farin yadi ba sai an yi masa bayani ba.

A cikin gidan akwai surukarsa, uwar matarsa, wadda ta zo yi wa 'yarta wankan jego. Ta haura hamsin, shekara goma sha shida ke nan da ta yaye autanta. Ita ba ta san trio ba, ba ta san tripod ba. Da ta ga yarinyar tana buɗe baki tana lalubar iska, sai ta ɗauke ta ta sa a ƙirjinta, tana cewa ko ba komai ta samu abin tsotsa, kada ta koma ga Ubangijinta da baki a bushe. Haka ta dinga yi safe da yamma, tana shan ragowar kunun kanwar maijego, ba don tana sa ran komai ba.

Rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, aka kira Malam daga cikin gida. Ya ce shi ke nan, yadi ya samu mai shi. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki kansa a ƙasa, don tun da ya yi aure bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba. Sai ya ji muryarta daga ciki.

"Malam, yau babu kunya. Shigo ka ga ikon Allah."

Ya shiga. Yarinyar tana kwance a hannun kakarta, maƙogwaronta yana motsi, tana haɗiya. A gefen bakinta ga farin nono yana gangarowa zuwa haɓa. Ya durƙusa a nan bakin tabarma yana kiran sunan Allah. Abin da ya ƙara girgiza shi kuwa, nononta na hagu kaɗai ya kawo ruwa. Na dama bai ɗiga ko sau ɗaya ba har aka yaye ta. Baki uku aka aiko, nono uku aka buɗe musu, ba a rage ba, ba a ƙara ba.

Da ya koma zaure ya ciro littafin nan, ya bi goma sha bakwai ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, bai samu wadda za ta kira abin da ya gani ba. Ya mayar da shi aljihu. Farin yadin kuwa, da shi aka ɗinka wa yarinyar rigarta ta fari, ranar da ta cika arba'in.

Don haka, ɗana, tashi ka je ka shimfiɗa wa yaran nan tabarma. Lissafi naka ne, ciyarwa ba taka ba ce. Ai Bahaushe ya gama magana tun da ya ce, bakin da Allah ya tsaga, ba ya hana shi abinci.