Oktoban Orval

"Duane, wa ya ce ka ɗaga tarago da hannu?" Orval ya daka mini tsawa. "A nan komai sai yadda aka yi shi a Oktoban 1959!"

Shekara goma ya kwashe a ɗakin ƙasa yana kwaikwayon tsohon layin dogon garinmu da jiragen wasa. Duk Asabar ni da abokina Merle muna zuwa tuƙa masa su, yana zazzaga mana masifa.

Merle ya ajiye na'urar tuƙi. "Komai da komai, ranka ya daɗe?"

"Komai!"

"To, babana a layin nan ya yi aiki. A wancan Oktoban yajin aiki suka yi."

Muka haye sama, muka cinye gasasshen namansa. Orval na can ƙasa, yana hura usur shi kaɗai.