Katangar Kansila

Iya Rabi tana tsakar kwashe ƙosai ta hangi Yahaya mai sayar da injuna ya ɗora injin wankin Tanko a baro, ya tura ya nufi Babbar Kasuwa, tiyon yana jan ƙasa. Tanko na tsaye hannu a ka, magidanci mai iyali.

"Kai, lafiya?"

"Biyan wata ya wuce, Iya. Ya ce in ban kai mashi ba kafin la'asar, ya samu mai saye."

Injin nan shi ne gonar Tanko. Irin mai feshin ruwa da ƙarfi ne, mai ɓamɓare laka daga ƙarƙashin mota kamar ana feraye kabewa. Da shi yake wankin motoci a gefen ƙofarta nan Ƙofar Guga, yana jan ruwa a rijiyarta, yana biyan Yahaya kaɗan-kaɗan.

Abin da ya ƙona mata rai, ita ta yi masa hanyar aikin da ya karya shi. Soja za su koma bariki, an yi zaɓe, sabon kansila yana so a wanke katangar gidansa ta Ƙofar Sauri kafin walimar rantsarwa. Ta ce Tanko ya je. Shi kuwa, tunda aikin daga hannun Iya ya fito, sai kunya ta hana shi zagaya gidan kafin a yi tsada. A zaure Almu, yaron kansila, ya ce, "Ai 'yar katanga ce," ya faɗi kuɗi, Tanko ya ce ya sallama. Wauta ke nan! Ko akuya sai an taɓa ƙugunta ake tayawa.

'Yar katanga ta zama gida mai fuska huɗu, hotunan 'yan takara hoto kan hoto an liƙe da sitaci, a ƙarƙashi kuma fenti. Aka ce ya haɗa da shagunan gaba. Aka turo motocin kamfen. Gidajen mai a bushe, sai wurin 'yan bumburutu. Ruwa kuma sai an saya hannun 'yan ga-ruwa. Da aka biya shi, ko kuɗin mai bai fita ba. Ya koma neman ƙari, Almu ya ce ciniki ya riga ya faɗa.

Iya Rabi ta sauke kasko, ta zuba wa wuta ruwa, ta ja mayafi.

"Wuce mu tahi."

"Iya, manya ne fa."

"Manyan ina? Wuce, na ce!"

Ba ta hau babur ba. Da ƙafa ta ratsa gari, Tanko na binta a baya kamar wanda za a kai gaban alƙali. Tun daga nesa katangar take ɗaukar ido, fes kamar ba a taɓa yi mata ƙarya a jiki ba. Ganinta ya ƙara tunzura ta.

Mai gadi bai tambayi komai ba, ya wangale ƙofa. Falo cike da 'yan siyasa, manyan riguna da ƙamshin turare, ana ta "ranka ya daɗe". Kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ita ta taka darduma da silifas ɗinta mai maiƙo. Dariya ta ɗauke.

Ko inda kansila yake ba ta kalla ba. Ta juya masa kafaɗa, ta fuskanci Almu.

"Almu, ka faɗa ma mai gidan nan, gumin wane ne a jikin katangarshi?"

Kansila ya sunkuyar da kai, ya gyara hula. Shi ma bai dube ta ba, sai ya fuskanci Almu. "Ka ce a yi haƙuri. Ciniki aka yi, ba wanda ya tilasta shi."

"Ka ce mashi wanda ya ce 'yar katanga alhali gida ne, ba ciniki ya yi ba, zamba ya yi. Tun bai hau kujera ba ya fara cin talaka? In ya hau fa, sai ya haɗiye unguwa?"

Wani mai babbar riga ya yi gyaran murya. "Hajiya, ai wannan magana ta bayan taro ce."

"Ba da kai nake ba, mai tumbi. Ci shinkafarka."

Almu ya tsaya tsakani yana zufa, ya rasa ta wa zai ɗauka. Baƙin da ba 'yan gari ba suka fara raɗa: wace irin gaba ce wannan, da mutum biyu ba sa ko haɗa ido?

Kansila ya ƙara ƙasa da murya. "Ka ce in na ƙara ma wannan, mai fenti zai dawo, mai rumfa zai dawo. Mutane na kallo. Ba zan iya ba."

A masallacin unguwa ladan ya fara bubbuga lasifika zai kira la'asar. Tanko ya ji, ya jingina da ƙofa.

Iya Rabi ta gyara mayafi. Abin da za ta yi, mace mai kunya ba ta yi, uwarta ba ta yi ba, kakarta ba ta yi ba. Ta ture Almu gefe da bayan hannu. A gaban jama'a ta juyo ta zuba wa kansila ido, karo na farko tun yana cikin zanen goyo, har ta kira sunan da ba ta taɓa furtawa ba.

"Mustapha! In injin bawan Allahn nan ya kwana a hannun wani, ban yafe maka nonon da ka sha ba."